Jirgin ruwan Sarkin Jamus da haruffan C.E.F.: amsa ga mai son tara kan sarkin mamaya

Tambaya: "Assalamu alaikum, Baba. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu a Yola sai na ci karo da wani akwatin ƙarfe da ya gada wurin mahaifinsa. A ciki akwai wata tsohuwar ambulan mai jan kan sarki, da hoton jirgin ruwa, an rubuta KAMERUN a samansa, kuma an buga C.E.F. da 1d a bisa jirgin. Mene ne wannan? Yana da kuɗi? In jiƙa shi in ɓamɓare in sa a littafi? In kuma ina son in fara tara irinsa, ta ina zan kama?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kakanka da mahaifinsa, ya sa sun huta.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Kada ka jiƙa shi, kada ka ɓamɓare shi, kada ka yanke gefen ambulan ɗin da almakashi, kada kuma ka goge ta wai don ta yi haske. Ka bar ta yadda ka same ta. Kan sarkin nan shi kaɗai, akwai dubbansa a hannun mutane a duniya. Amma shi ɗin manne a kan ambulan ɗinsa, da hatimin gidan waya, da kwanan wata, da sunan wanda aka aika wa, wannan guda ɗaya ne tak, kuma yana hannunka. Ranar da ka raba su ka zubar da mafi yawan darajarsa, ta kuɗi da ta tarihi duka. Na sha ganin wanda ya zo mini da kan sarki a tafin hannu yana murna, in tambaye shi ina ambulan ɗin, ya ce ai ya yar. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

To, ga abin da ka tsinta. Jan kan sarkin nan na Jamus ne, na zamanin da Kamaru take ƙarƙashinsu. Daga shekarar 1900 Jamusawa suka yi wa dukkan ƙasashen da suke mulka zane iri ɗaya: jirgin ruwan shaƙatawa na sarkinsu Wilhelm na Biyu, mai suna Hohenzollern. Sunan ƙasa kawai ake sauyawa, Togo, Kamerun, Samoa da sauransu. Mu da muka saba da na Ingila mai hoton kan Sarki, har sunan abin ya zama "kan sarki" a bakinmu, sai mu ga baƙon abu ne a ce jirgi ne a wurin. Amma manufar ɗaya ce: ɗan guntun takardar nan yana faɗa wa kowa wane ne mai iko da ƙasa. Shi ya sa duk sojan da ya ci gari da yaƙi, cikin abubuwan farko da yake kai hannu akwai gidan waya.

Haruffan C.E.F. gajarta sunan rundunar da Birtaniya ta jagoranta ce zuwa Kamaru a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Cameroons Expeditionary Force, wato rundunar yaƙin Kamaru. Wannan yaƙi kuwa ba na nesa ba ne a gare ka. A watan Agusta 1914 Turawan Ingila suka tura sojoji daga Najeriya ta hanyoyi uku: wasu daga Barno suka nufi Mora, wasu daga Yola, garinku, suka nufi Garwa, wasu kuma ta kudu suka shiga ta Nsanakang. Duka ukun ba su ji da daɗi ba, a Garwa har kwamandan ya rasa ransa. Ta teku aka samu nasara, inda Duwala ta miƙa wuya ga Janar Dobell na Ingila ran 27 ga Satumba 1914. Garwa ba ta faɗi ba sai Yuni 1915, Yawunde ran 1 ga Janairu 1916, shi kuwa Kyaftin von Raben na Jamus ya kafe a kan dutsen Mora har 18 ga Fabrairu 1916. Hafsoshi Turawa ne, amma masu riƙe da bindiga da masu ɗaukar kaya kakanninmu ne, Hausawa da Fulani da Barebari da Yarbawa da sauransu, kuma a ɓangarorin biyu. Chari Maigumeri, wanda barikin soja na Lokoja yake ɗauke da sunansa, sojan Jamus ne da farko, a Garwa aka kama shi, daga baya ya shiga rundunar Ingila.

Da Ingilishi suka zauna a Duwala sai buƙatar gidan waya ta taso. Akwai 'yan kasuwa, akwai akawuna, akwai 'yan mishan, kowa yana son aika wasiƙa. Buga sabon kan sarki a Landan a kawo ta ruwa, ana tsakiyar yaƙi, abu ne mai cin watanni. Sai ga shi kaya sun faɗo hannu: a farkon yaƙin an kama wani jirgin Jamus mai suna Professor Woermann, aka tsare shi a Firitawun ta Saliyo, a cikinsa kuma akwai tarin kan sarkin Kamerun da ake kai wa Duwala. Su aka ɗauka aka buga wa C.E.F. tare da sabon farashi da kuɗin Ingila, aka fara sayarwa a Duwala ran 12 ga Yuli 1915. Iri goma sha uku ne, asalin farashinsu da kuɗin Jamus, fenik da mak. Fenik 3 da fenik 5 suka koma sisin kwabo, fenik 10 ya koma kwabo, wato 1d, wanda shi ne naka, fenik 30 ya koma taro, fenik 50 ya koma sisi, mak 1 ya koma sule, mak 2 ya koma fataka, har zuwa mak 5 da ya koma sule biyar. Wannan rubutu da ake ƙarawa a kan tsohon kan sarki, ni "ƙarin bugu" nake ce masa, kuma shi ne zuciyar wannan fanni gaba ɗaya.

Ka lura da abubuwa uku da ƙarin bugun nan yake yi a lokaci guda. Yana biyan buƙata, domin wasiƙa ta tafi. Yana sauya kuɗi, domin mai mamaya ba zai karɓi mak ɗin abokin gaba a kantarsa ba, kuma in bai yi wa kayan alama ba, duk wanda ya ɓoye ko ya wawushe tsohon kan sarki zai riƙa aika wasiƙa kyauta. Na uku, yana shela. Yarjejeniyar Heg ta 1907 ta ɗora wa mai mamaya nauyin maido da zaman lafiya da harkokin jama'a a inda ya kama, amma ba ta ba shi ƙasar ba, sai an zauna sulhu. Don haka kan sarkin mamaya yakan yi magana da taka-tsantsan. C.E.F. bai ce Kamaru ta Ingila ce ba, cewa ya yi runduna ce take nan. In ka koyi karanta irin wannan lafazi, za ka riƙa ganin siyasar lokacin a cikin kalma uku ko huɗu.

Maganar kuɗi kuma, gara in gaya maka gaskiya tun yanzu. Na kwabo irin naka, in shi kaɗai ne, ba zai saya maka babur ba. Ƙananan farashin an buga su da yawa, kuma Turawa masu tarawa sun yi ta saye suna ajiyewa tun a lokacin. Masu tsada su ne na sule ɗaya zuwa sule biyar, da waɗanda aka yi kuskure wajen bugu, kamar wanda harafin s na sule ya juya ƙasa, ko wanda aka buga sau biyu. Abin da zai ɗaga naka shi ne ambulan, in ta tabbata wasiƙa ce ta gaske da wani ya aika wa wani don wata buƙata.

A nan ne sanin kuɗin aika wasiƙa yake da amfani. A wancan lokaci wasiƙa mara nauyi daga wata ƙasar daular Ingila zuwa wata kwabo ɗaya ce, zuwa ƙasar waje kwabo biyu da rabi, in za a yi mata rajista a ƙara kwabo biyu. Ke nan kwabo ɗaya a kan wasiƙar da ta taso daga Duwala zuwa Najeriya ya yi daidai da ƙa'ida, wannan kuma alama ce mai kyau. Amma za ka ga ambulan a kasuwa an jera mata kan sarki goma sha uku reras, kowanne da hatimi tsaf a tsakiya, an aika wa wani dillali a Ingila ko Suwizalan. Wace wasiƙa ce take cin fiye da sule goma sha uku? Babu. An shirya ta ne don sayarwa. Ba jabu ba ce, tana da masu sonta, amma a wurina ambulan mai ƙura da lanƙwasa, mai kwabo ɗaya tilo, wadda wani akawu ya rubuta wa ɗan'uwansa, ta fi ta nesa ba kusa ba. Sojojin da suke fagen fama ma galibi ba sa sa kan sarki, sukan rubuta a goshin ambulan cewa suna bakin daga kuma babu kan sarki a inda suke, a wuce da ita haka. Irin waɗannan ma ana tara su, ko da yake babu kan sarki ko ɗaya a jikinsu.

Saboda haka ka ɗauki ambulan ɗinka ka zauna inda akwai haske. Duba hatimin da ya hau kan sarkin: wane gari, wace rana. Kada ka yi mamaki in ka ga an rubuta sunan garin da salon Jamusanci, domin Ingilishi sun ci gaba da aiki da hatiman da suka tarar. Kwanan watan bai kamata ya riga 12 ga Yuli 1915 ba. In na Duwala ne, ka sani an raba Kamaru a watan Maris 1916, Duwala ta faɗa rabon Faransa, Ingila ta riƙe siririn yanki a gefen Najeriya mai ɗauke da Biktoriya da Buya da Bamenda da ƙasar Dikwa, inda daga baya kan sarkin Najeriya ya maye gurbi. Hatimin Duwala na 1918 a kan C.E.F. abin tuhuma ne. Sannan ka juya bayanta. Gidajen wayar da ta ratsa sukan buga nasu hatimi, ka ga ko akwai Legas, ko Lokoja, ko Yola. Daga ranakun za ka ƙirga kwana nawa ta yi a hanya, kuma in ranakun sun jeru yadda jirgin teku da na kogin Binuwai za su iya, wannan shaida ce da ɗan jabu ba ya iya haɗawa da sauƙi.

Jabu shi ne ciwon wannan fanni, kuma dalilin a fili yake. Kwaikwayon kan sarki sukutum aiki ne mai wuya: takarda, tawada, haƙoran gefe, zane. Amma ƙara haruffa uku a kan na gaske mai araha, duk mai ƙaramar maɗaba'a zai iya. Jamusawa ma sun sauƙaƙa wa 'yan jabu aiki ba da niyya ba, domin bayan ƙasashen sun kuɓuce musu sun ci gaba da buga kan sarkin jirgin nan a Barlin suna sayar wa masu tarawa, har yaƙin ya ƙare. Waɗannan ba su taɓa taka Afirka ba, suna nan tari-tari, kuma su ake yawan saye a yi musu ƙarin bugun ƙarya. Ni kaina na taɓa faɗawa. Shekarun baya na ga wani kan sarkin mamayar Fazzan, a kudancin Libiya, na 1943 a intanet, farashinsa bai kai rubu'in abin da aka san shi da shi ba, hoton kuma ƙarami ne. Zuciya ta raya mini mai shi bai san abin da yake riƙe da shi ba. Na biya, ya iso, na aika wa masana, suka dawo mini da shi da kalma ɗaya. Cinikin biri a sama na yi, kuma kuɗin da na tara wata uku ne suka tafi. Ban yar da shi ba, yana nan cikin littafina, na rubuta "jabu" a ƙarƙashinsa da fensir, ina gwada wasu da shi.

Yadda ake dubawa ba sihiri ba ne, haƙuri ne. Ka nemi gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma, da ƙaramar rula mai milimita. Bugun gaske na wancan zamani da haruffan ƙarfe aka yi shi, suna danna takarda, sau da yawa in ka juya baya ka karkata shi ga haske za ka ga ɗan tudun haruffan, tawadar kuma takan taru a gefen harafi. Bugun na'urar zamani a shafe yake, in ka ƙara girma sai ka ga ɗigo-ɗigo. In kan sarkin yana da hatimi, duba wanne ne a sama: dole hatimi ya hau ƙarin bugu, domin sai da aka buga aka sayar sannan aka aika. In ka ga haruffan ne suka hau hatimi, magana ta ƙare. Sai kuma alamar da ke cikin jikin takarda, wadda ake gani in an ɗaga ta ga haske. Wasu bugun Jamus suna da ita, wasu ba su da ita, kuma kundin farashi yana faɗin a kan wanne aka yi ƙarin bugu na gaske. In an samu haruffa a kan bugun da bai taɓa barin Barlin ba, ba sai an auna komai ba. Duk da haka, abin da ya yi tsada kada ka dogara da idonka. Akwai kwamitin masana na Royal Philatelic Society a Landan, ƙungiyar da take tun 1869, akwai kuma ƙungiyar masu tantancewa ta Jamus da ake kira BPP. Sukan duba su ba da takardar shaida mai hoton abin. Dillalin da ya ƙi yarda a kai kayansa a duba, ka bar masa kayansa.

Tunda ka ce kana son ka fara tarawa, maƙwabciyar Kamaru a wannan fanni ita ce Togo, kuma labarinta ya ma fi armashi. Nan ne aka fara gama yaƙin kafin ko'ina: an shiga Lome a makon farko na Agusta 1914, Jamusawa suka rusa babbar tashar rediyonsu ta Kamina suka miƙa wuya ran 26 ga watan. Rundunar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da ta yi aikin ta samo asali ne daga 'yan sandan Hausawa na ƙarni na sha tara, kuma wani sojanta, Alhaji Grunshi, shi ake cewa ya fara harba harsashi a duk sojojin Birtaniya a wannan yaƙi. Kan sarkin da aka tarar sai aka raba tsakanin Ingila da Faransa. Ingilishi suka kai nasu maɗaba'ar mishan ɗin Katolika a Lome aka buga "TOGO Anglo-French Occupation" cikin Satumba 1914, Faransawa suka buga nasu da harshensu a Porto-Novo, cikin Jamhuriyar Benin ta yau. Ƙaramar maɗaba'a ce, haruffa ba su isa ba, ana aiki da gaggawa, shi ya sa ake samun na farko mai tazarar milimita 3 tsakanin layuka, na biyu mai milimita 2, da wanda harafin ƙarshe ya faɗi ya zama TOG. Akwai farashin da adadin da aka buga bai kai ɗari ba, waɗannan sai dai mu gan su a hoto. A farkon 1915 aka sake gano wani tarin a Sansanne-Mango can arewa, aka yi masa nasa bugun. Sunan garin nan yakan sa ni murmushin jin daɗi duk sanda na gan shi a kundin Turawa, domin "sansani" ɗinmu ne, kuma zango ne a kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Da kayan Jamus suka ƙare, a 1915 aka koma buga kalmomin a kan kan sarkin Gwalkwas a Akra, a 1916 kuma a Landan. Waɗannan na ƙarshe suna da sauƙin kuɗi, kuma koyon bambanta bugun Akra da na Landan makaranta ce mai kyau ga ido.

Faransawa a Kamaru sun bi tasu hanyar. A ƙarshen 1915 suka yi ƙarin bugu a kan na Gabon da sunan rundunar haɗin gwiwa ta Faransa da Ingila. A 1916, bayan rabo, sunan Ingila ya ɓace, ya koma "Occupation Française" a kan na Kwango. Zuwa 1921 kalmar mamaya ita ma ta ɓace, saura CAMEROUN kawai. Jera ukun nan a shafi ɗaya, ka ga yadda baƙo ya zama mai gida cikin shekara shida.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya fi kusa da mu shi ne Fazzan, kudancin Libiya. Cadi ta bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ran 26 ga Agusta 1940 ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, kashegari Leclerc, hafsan De Gaulle, ya karɓi Duwala, har aka buga 27.8.40 a kan kan sarkin Kamaru don tunawa. Daga Cadi Leclerc ya ratsa Sahara, ya ci Kufra a Maris 1941, ya ƙwace Fazzan daga Italiya a Janairu 1943. Aka yi ƙarin bugu a kan na Italiya da na Libiya, kaɗan ƙwarai, shi ya sa jabunsu ya fi na gaske yawa, kamar yadda na ɗanɗana. Amma na 1946 mai sunan Fezzan-Ghadamès, mai hoton ganuwar Sabha da masallacin Murzuk, yana da araha kuma yana da kyau. Murzuk da Gadamas ba baƙin sunaye ba ne ga wanda ya san tarihin kasuwar Kano da unguwar Dandalin Turawa, ta Larabawa. Sauran ƙasashen da Italiya ta rasa Ingila ce ta riƙe su, da ƙarin bugun M.E.F. (rundunar Gabas ta Tsakiya) a 1942, da E.A.F. (rundunar Gabashin Afirka) a Somaliya, daga baya B.M.A. (mulkin sojan Birtaniya) a Tarabulus da Eritiriya, duk a kan kan Sarki Joji na Shida.

In ka leƙa wajen Afirka fagen ba shi da iyaka: Bagadaza a 1917, Falasɗinu a 1918, Beljiyam ƙarƙashin Jamus, ƙasar Bama (Myanmar ta yau) inda aka buga ɗawisu a kan fuskar Sarkin Ingila a 1942, Malaya inda Japanawa suka buga shekarar 2602 bisa ƙidayarsu. Guda ɗaya zan tsaya a kai, domin yana nuna cewa wanda aka mamaye ma yana da bakin magana. Tsibiran Jazi da Ganzi (Jersey da Guernsey), na Sarkin Ingila, kusa da gaɓar Faransa, Jamus ta riƙe su daga tsakiyar 1940 har 9 ga Mayu 1945. A Jazi Jamusawa suka sa a buga tambarin Nazi a kan fuskar Sarki, shugaban tsibirin ya ƙi amincewa, aka fasa fitar da su. A Ganzi na kwabo ya ƙare, daga 27 ga Disamba 1940 aka yarda mutum ya raba na kwabo biyu gida biyu da almakashi ya manna rabi. Da aka ba Manjo Rybot, wani ɗan tsibirin, aikin zana sabon kan sarkin Jazi, sai ya ɓoye ƙananan haruffan A a kusurwoyi huɗu, farkon kalmomin wata tsinuwa ga Hitila da harshen Latin, Jamusawa suka sa hannu ba su gani ba. Rabin kan sarkin Ganzi ɗin nan kuma shi ne hujjata mafi ƙarfi a kan abin da na fara gaya maka: in ka ɓamɓare shi daga ambulan, yagaggen kan sarki ne kawai.

Akwai abin da nake so ka riƙe a zuciya in ka shiga na Turai. Za ka ci karo da fuskar Hitila an buga mata Ostland (yankin gabashin Turai da Jamus ta mamaye) ko Ukraine, da na Folan da aka sake wa suna. Suna da araha, domin an buga miliyoyi. Amma a garuruwan da aka sayar da su an hallaka mutane ba adadi. Ina da su a littafina, kuma a ƙarƙashin kowanne na rubuta abin da ya faru a wurin a wannan shekara. Ban yarda a jera su don ado ba. Haka ma namu na Kamaru: bayan jan kan sarkin nan akwai masu ɗaukar kaya da aka kwaso daga ƙauyuka, da yawansu cuta da yunwa suka kashe a hanya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Shawarata ita ce ka kama ƙasa ɗaya da yaƙi ɗaya. Tunda Allah ya kawo maka Kamaru har gida, tsaya a kanta shekara biyu. Fara da na Jamus marasa ƙarin bugu, ka san su sarai, ka nemi masu hatimin Garwa ko Banyo ko Kusiri in sun samu. Sannan ƙananan C.E.F., sannan na Faransa. Manyan suloli su jira. Kafin ka sayi kan sarki na biyu, sayi kundi: Stanley Gibbons ya fi zurfi a kan na Ingila, Michel a kan na Jamus, Yvert a kan na Faransa, Scott na Amurka kuma yana sa harafin N a gaban lambar duk wani na mamaya, abin da yake sauƙaƙa nema. Tsohon bugu ma ya isa, bayanin kake so, farashin da ke ciki ba shi ake biya a kasuwa ba. Akwai kuma West Africa Study Circle, masu fitar da mujallar Cameo, waɗanda suka daɗe suna bin diddigin wasiƙun yankinmu. Abin da yake damuna shi ne kusan duk masu wannan bincike ba 'yan nan ba ne, alhali mu ne muke iya karanta ajamin da ke cikin wasiƙa, mu ne muka san wane gida ne sunan da ke kan ambulan yake nufi.

Ajiya a ƙasarmu sai da lura. Damina tana narkar da ƙaron bayan kan sarki ya manne da shafi, tana kawo fumfuna da jajayen ɗigo kamar tsatsa. Hunturu yana busar da shi ya nannaɗe har ya tsage. Kyankyaso da gara kuwa ƙaron nan abinci ne a wurinsu. Kada ka sa gam ko salatif, kada ka kai a yi masa rufin roba mai zafi irin na takardun makaranta, wannan kisa ne. Ka sa ambulan ɗin tsakanin farar takarda mai kyau guda biyu, cikin akwati mai rufuwa sosai, tare da ƙunshin tsakuwar nan mai shan danshi da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani, ka ɗora a kan kanta nesa da bango da ƙasa. Littafin kan sarki a tsaye ake ajiye shi, ba a kwance ana danne shi da wasu ba. Kada ka riƙa kama su da yatsa, ka nemi hantsaki mai faffaɗan baki marar kaifi.

Yanzu abin da nake so ka yi: ɗauki hoton gaban ambulan ɗin da bayanta a hasken rana, ba da walƙiyar waya ba, sai kuma hoton kan sarkin daga kusa da rula a gefensa, ka turo mini in duba. Ka leƙa ciki a hankali ko wasiƙar tana nan, in tana nan kada ka tilasta buɗe lanƙwasarta in ta bushe. Ka koma cikin akwatin ka duba ko akwai wasu takardu, rasit, ko lambar soja, kada ka raba su da juna. Sannan, tun tsofaffin gidanku suna da rai, ka je ka karanta musu sunan da ke kan ambulan ɗin, ka tambaye su wane ne a dangi ya je Duwala zamanin yaƙin Jamus, soja ne, ɗan kasuwa ne, ko akawu, kuma ya dawo ko bai dawo ba. Abin da suka faɗa ka rubuta shi a takarda da kwanan wata, ka ajiye tare da ita.